Bahagon Baba Dung

"A'a, ba nan ba. Ku juya shi ya kalli talabijin."

Ni da ma'aikacin da asibiti suka aiko muna riƙe da gadon ƙarfe a tsakiyar falo, zufa na karyo mana. Baba Dung yana zaune a kujera, da bargo a cinya duk da zafin watan Yuli, yana ba mu umarni. Matarsa Dorkas, wadda duk layinmu ke kira Maman Joel, ta so a ajiye gadon kusa da taga don ya riƙa ganin titi.

"Me zan gani a titi? Motar Nassirou? Ai na san ta," in ji shi. "Dorkas, yau akwai wasa."

Muka juya gadon. Likitoci sun riga sun gaya musu ciwon dajin ya kai hanta, abin da ya rage shi ne ya koma gida ya huta cikin iyalinsa.

Baba Dung maƙwabcina ne a Mitchellville, kusa da Washington a Amurka, 'yar ciyawa ce kawai ta raba ƙofofinmu. Mutumin Jos ne, ya yi aikin jinya a Washington har ya yi ritaya. Ni kuwa ɗan Maraɗi ne, tuƙi nake yi. Ranar da muka tare ya ji ina waya da Hausa, ya tsallako da silifas ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Kana kallon besbol?"

Ban ma san mene ne ba. Kokawa na sani, sai ƙwallon ƙafa. Wannan wasan kuwa a idona mutum ɗaya ne ke jifa, ɗaya na jira da kulki, sauran suna tsaye a fili suna taunar cingam. Amma Baba ba ya gajiya. Duk ranar da ban fita aiki ba sai ya zaunar da ni gaban wasan Nationals, ƙungiyar birninmu, yana nuna mini mutane da yatsa.

"Ka ga wancan? Cikin bugu goma yana samun uku. Kada ka raina, a wasan nan uku cikin goma babban mutum ne. Na bayansa kuwa bara ya fi haka, bana ƙafarsa ta yi nauyi. Da ni ne da na sayar da shi tun yana da daraja."

Manyan 'yan wasan ba su dame shi sosai ba. Hankalinsa yana kan yaran da ke ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda ake reno kafin a hau da su sama. Ya san wanda ya ji ciwo a kafaɗa, da wanda ya fara ganin ƙwallo da kyau, da wanda shekaru ke shirin wuce shi. A bazarar nan akwai wani majefi ɗan ƙasar Dominika da ya gani da idonsa sa'ad da ƙungiyarsu ta zo wasa Bowie, nan kusa da mu. Da hagu yake jifa, sai Baba ya ajiye sunansa na gaskiya ya raɗa masa Bahago.

Ko da ya kwanta, gardamar Bahago ba ta tsaya ba. Katung, abokinsa na coci, wanda ke goyon bayan ƙungiyar Baltimore don kawai ya ja shi, yakan zo duba shi da yamma.

"Yaronka ya sake yin jifa ba saiti, ya ba mutum huɗu hanya kyauta," in ji Katung tun daga bakin ƙofa, kafin ma ya tambayi jiki.

"Ya kuma fitar da tara! Me ya sa ba ka faɗi wannan ba? Gudun mil casa'in da shida a awa yake jifa, Katung. Ku a Baltimore wa kuke da shi?"

"Gudun ƙwallo ba shi ne saiti ba."

"Saiti ana koyo. Hannu ne ba a koyo. A dai ba shi dama, shi ke nan. A ba yaro dama a gani."

Tari ya sarƙe shi. Maman Joel ta ɗago kansa ta ba shi ruwa da tsinken roba, tana harar Katung, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Wata rana matata Aminatou ta dama kunun gyaɗa ta ba ni in kai. Na tarar Baba yana barci, Maman Joel tana kicin tana gwaten acca wanda ita ma ta san ba zai iya ci ba. Don in sa ta dariya na ce, "Mama, tun a Jos Baba ya ɗauko wannan ciwon na besbol?"

Ba ta yi dariya ba. Ta rage wuta, ta jingina da firji.

"Ya tsani wasan nan, Nassirou. Da can ko sunansa ba ya son ji."

A nan ta ba ni labarin ɗansu Joel, wanda hotonsa kawai na sani, sanye da rigar gama jami'a. A sakandare shi ne majefin makarantarsu. Mutane sukan zo daga nesa su zauna bayan raga da na'urar auna gudun ƙwallo. Uban bai taɓa zuwa kallo ba, kullum yana aiki, in ma yana gida sai ya ce ba wasa ya kawo su ƙasar nan ba. Shekarar da Joel zai gama, wani mai nemo wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa ya zo har falon nan, yana so a ba su yaron su fara renonsa.

"Ko zama bai bari mutumin ya yi ba. Ya ce ɗansa ba zai ci abinci da jifa ba. Joel ya durƙusa a nan yana kuka, babba da shi. Ya ce shekara biyu kawai, in bai yi ba zai koma karatu. Babansa ya ce ko wata biyu."

Joel ya bi maganar uba. Ya karanta haɗa magunguna, ya samu aiki a Ohio, ya yi zamansa can. Yakan kira uwar. In ta miƙa wa uban waya, gaisuwa ce kawai, sai shiru.

"Shekarar da ya tafi, a bayanta ne aka kawo ƙungiyar nan Washington. Na dawo daga kasuwa na same shi ya kunna wasan. Na ce lafiya? Ya ce so yake ya ga abin da yaron nan yake wa kuka. To, ka ga inda ganin ya kai mu."

"Joel ya sani?"

"Ya hana ni faɗa masa."

Ni na ɗauko Joel a filin jirgi ranar wata Asabar. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, gashinsa ya fara ja da baya. Ina yi masa Hausa yana ji sarai, yana mayar mini da Turanci, kamar yawancin yaran da suka tashi a nan. Ya tambaye ni ko uban yana cikin hayyacinsa. Na ce ras yake, jikin ne kawai ya tafi.

Washegari da rana, bayan mutanen coci sun yi addu'a sun watse, na shiga gaishe su. Joel yana zaune nesa da gadon yana latsa waya. Na miƙe zan ba su wuri, Baba ya ce, "Zauna, Nassirou. Kunna mana." Na gane tsoron shirun yake yi.

Aka fara wasa. Joel ya ɗago kai ya dubi talabijin, ya dubi uwarsa. Majefin Nationals ya ba mutum biyu hanya a jere, Baba ya yi tsaki.

"Ya gaji tun zagaye na huɗu. Ga Bahago can a ƙasa yana ɓata lokaci, sun ƙi hawo da shi."

"Wane ne Bahago?" Joel ya tambaya da Turanci.

Baba ya faɗi sunan yaron na gaskiya, ya jero mutum nawa ya fitar bana, nawa suka ci shi, har da yadda masu bugu da hannun dama suke wahala a hannunsa. Yana magana yana haki, idonsa a kan talabijin. Joel ya ajiye wayar a hankali.

"Na ga bidiyonsa," ya ce. "Bai shirya ba. Yana sauke gwiwar hannu in zai jefa ƙwallo mai lanƙwasa. Manya za su gane tun kafin ta bar hannunsa."

"Kai ma bakin Katung gare ka."

"Gaskiya ce, Dadi. Riƙon ma ba daidai yake yi ba."

"To yaya ake riƙewa?"

Joel ya waiga ya dubi tebur. Sai ya tashi ya ɗauki lemo ɗaya cikin waɗanda 'yan dubiya suka kawo, ya matso bakin gado. Ya ɗora yatsu biyu a sama, babban yatsa a ƙasa, ya juya wuyan hannu kamar mai buɗe ƙofa. Baba ya miƙo hannunsa da ya zama ƙashi da jijiya. Joel ya sa masa lemon, ya gyara masa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Lemon ya suɓuce ya gangara cikin bargo. Ya ɗauko ya sake sa masa, wannan karon ya riƙe hannun da nasa.

"Ban taɓa ganin ka jefa ba," in ji Baba.

"An daɗe, Dadi."

"Da ka kai? Gaya mini gaskiya. Da na bar ka, da ka kai sama?"

Maman Joel ta fita zuwa kicin. Ni na kafa wa talabijin ido, ina roƙon Allah a raina yaron ya ce a'a, ya ce da ma ba zai kai ba, tsohon ya samu sauƙi. Joel ya dubi lemon da ke hannunsu. Da ya buɗe baki, da Hausa ya yi magana, Hausar yara mai karyayyen harshe.

"Ban sani ba, Baba. Shi ne abin. Ban sani ba."

Baba ya gyaɗa kai, ya rufe ido. Hawaye ya bi gefen fuskarsa ya shiga kunne. Bai ce a yafe masa ba, Joel ma bai ce ya yafe ba. Amma bai saki hannun ba har aka tashi wasan, wanda ban ma san wa ya ci ba.

Joel ya koma Ohio don ya nemi hutu mai tsawo a wurin aiki, da niyyar dawowa ƙarshen mako. A tsakiyar makon, da hantsi, ina wanke mota, na ji Maman Joel tana kiran sunana da wata murya da ban san ta da ita ba. Na shiga da kumfa a hannu. Ta ce ruwa ya nema, ta je ɗebowa, ta dawo ta same shi ya cika. Fuskarsa a sake take. Na ja bargon na rufe masa ƙafafu, na rasa abin faɗa sai "Allah ya ba da haƙuri, Mama." Ni na kira Joel, don ita ta kasa riƙe wayar.

A Upper Marlboro aka binne shi. Mutanen Filato da na Kaduna sun cika maƙabarta, mu 'yan Nijar muka tsaya daga gefe da hulunanmu. Katung ne aka ba ya yi magana a madadin abokai. Ya fara, ya kai inda zai ce shi da marigayi ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sai muryarsa ta ƙi. Fasto ya kama kafaɗarsa ya mayar da shi wurin zama.

Da yamma baƙi suka ragu. Joel yana tsaye a ƙofar gida cikin baƙar kwat, yana tara kujerun da aka aro daga coci. 'Ya'yana mata, Jidda da Rumasa'u, suna wasa a tsallaken titi da wata tsohuwar ƙwallon tanis. Ta kuɓuce musu, ta gangaro ta tsaya jikin takalminsa.

"Ankul, jefo!" Jidda ta ɗaga hannu biyu.

Ya sunkuya ya ɗauka. Ya jujjuya ta a tafinsa, ya dubi yarinyar. Sai ya duba hagu da dama, ya tsallaka titin a hankali, ya sa mata ƙwallon a hannu, ya shafa kanta. Ya dawo ya ci gaba da ninke kujeru.