Sulken Dokin Tibet a Hannun Yaya Boukari

Bakina ne ya jawo mini, ba kowa ba. Shekara biyar ina shara da goge-goge a gidan wani tsohon Bature a Irving Park, da aikin nake ciyar da 'ya'yana biyu, ban taɓa tsoma baki a abin da ba ruwana ba. Ranar nan sai na ji yana ƙorafin sulken dokinsa na warwarewa. Ko doki ba shi da shi, ado ne kawai a falo. Abin rufe fuskar doki ne daga Tibet, fata da ƙananan ƙarafa, da zanen ganye na ruwan zinari duk ya dushe.

Na yi caraf na ce yayana baduku ne, gadon gidanmu ne tun Damagaram. Gaskiya na faɗa. Tun zuwan Yaya Boukari Amurka kwali yake ɗauka a wani sito a Wendover, basillarsa har ta yi tsatsa.

Patron, wato Baturen, ya ba ni sulken ya ce igiya biyu kawai za a ɗaure. Yaya kuwa a wurinsa abin kunya ne kaya su bar hannun baduku suna kama da tsofaffi. Sati biyu yana kai. Ya yanke duk igiyoyin da suka bushe ya sa sababbi, ya kankare tsatsa, ya shayar da fatar man kaɗe, ya bi zanen da sabon fenti. Wallahi ni ma da na gani sai da na ce masha Allah.

Muka kai a tsohuwar motarsa, ya jira ni a waje. Patron ya buɗe, ya jujjuya shi, sannan ya ce tarihin shekara ɗari huɗu aka goge masa. Ya tambayi tsofaffin igiyoyin. Ina zan samo su? Motar shara ta kwashe tun Talata. Matarsa ta miƙo hannu a hankali, na ba ta makullin gidan, aikina ya ƙare ke nan.

Na fito da niyyar wanke Yaya tas, na tarar ya tsefe gemu, ya sa hular Juma'a.

"Fourera," ya ce, "ya lura da ɗaurin? Irin na mutumin Tibet ɗin na yi, kwana uku kafin na gane shi."

Tausayinsa ya kama ni, har fushin ya rasa wurin zama.

"Ya lura, Yaya," na ce. "Ta da mota."