Iska a Layin Mai

Karo na huɗu ke nan Dogo yana murɗa makulli, akori-kurar tana gurnani kamar za ta tashi, sai ta yi tari ta mutu. Ya kifa goshi a kan sitiyari. Tun asuba bai zauna ba, ga shi rana ta fara leƙo kan rufin gidaje, kuma duk layin nan motarsa ce kaɗai da za a iya kwantar da mutum a cikinta.

A bayan motar, kan katifar da suka ciccibo daga ɗaki, Baba Makaniki ne kwance, maƙwabcin Dogo na katanga ɗaya. Mama, matarsa, ta ɗora kansa a cinyarta tana yi masa fifita da kwali. Numfashinsa sama-sama yake, asibiti kuwa yana can bayan gada.

"Dogo," in ji Mama, "yana kiranka."

Ya zagaya, ya sunkuya.

"Za ka kashe batir a banza," tsohon ya ce, murya can ƙasa. "Ai ba ta samun mai. Ba ka ji kukanta ba?"

"Baba, ka huta. Bari in nemo wata motar."

"A ina? Buɗe bonet. Famfon hannu da ke kan filta, danna shi. Da tauri ko laƙwas?"

Dogo ya je ya danna. "Laƙwas, Baba!"

"To, iska ce. Sassauta notin gefe, ka yi ta dannawa."

Mutumin da jiya ko kofin ruwa bai iya riƙewa, yau shi ne da ba da umarni kamar yana garejinsa. Haushi ya kama Dogo, tausayi ya danne haushin. Ya ɗauko sifana ya sassauta notin. Kumfa ta yi ta tsartuwa, ta jiƙa masa hannun riga. Mama ce ke kai maganar tsakaninsu, tana ɗaga murya.

"Ya ce kumfa ce har yanzu?"

"Kumfa ce!"

"Ya ce ka duba tiyon da ya fito daga tanki, wai kai ba ka taɓa duba komai sai ya lalace."

Tiyon kuwa ya tsage daidai bakin. Dogo ya yanke wurin da wuƙa, ya mayar, ya ɗaure da waya. Ya danna, ya danna, har babban yatsansa ya yi sanyi. Can sai gas ya feso tas, famfon ya yi tauri. Ya ɗaure notin, ya faɗa kujera, ya murɗa. Motar ta girgiza, ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida.

Har ya taka kuloci Mama ta buga masa gilashin baya. Ya sauko da gudu.

"Kar ka ja ta yanzu," in ji Baba. "Da sauran iska a ciki. Za ta mutu maka a kan gada."

"Baba, don Allah!"

"Bar ta ta daidaita. Ni ban taɓa sallamar mota tana tsalle ba."

Dogo ya dubi Mama. Ta kau da kai, ta gaji da musu da mutumin nan tun suna da ƙuruciya. Suka tsaya. Injin yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, tsohon ya lumshe ido yana saurare. A hankali ƙarar ta daidaita ta zama ɗaya.

"Yauwa," ya ce.

Dogo ya juya zai shiga mota, sai ya ga Mama ta ajiye kwalin. Ta sa tafin hannu ta shafe fuskar mijinta, tana salati a hankali.

Dogo ya daɗe tsaye a jikin ƙofar motar, hannunsa na ɗigar gas. Daga baya ya miƙa hannu ta taga ya kashe injin. A gidan da ke kallonsu wata tana shara, ana jin tsintsiyarta a kan siminti.