Tafin da Ya Makara

Shekara arba'in muna tare da Roscoe, amma bai daɗe a kabari ba na nemi muryarsa a kaina na rasa. Fuskar tana nan, ƙamshin man gashinsa yana nan, muryar ce ta tafi.

Ba mawaƙi ba ne. Babbar gita yake kaɗawa a ƙungiyarsu ta disko a nan garin Dayton, yana tsaye can baya cikin wando mai ƙyalƙyali, baki a rufe. Faifai huɗu suka yi. Na saka uku na yi ta saurare, ba abin da nake ji sai dum dum, kamar ana buga ƙofar maƙwabta.

Na huɗun ni na kore shi daga gidana. Ranar da suke naɗarsa a ɗakin ɗaukar waƙa na kai musu soyayyar kaza da burodin masara. A zamanin, in ana son tafi a waƙa, duk wanda ke kusa ake jawowa, har mai shara. Cleophus, mawaƙinsu, ya ce, "Earline, ajiye kwanon nan ki ara mana hannu."

Ni da ko a coci mata ke matsawa daga gefena in an fara tafi. Kowa ya tafa, sai nawa ya biyo baya yana haki. Haka faifan ya fita, gari ya ɗauka. Duk sanda rediyo ta sako shi, Roscoe zai ɗaga yatsa ya ce, "Ga matata nan tafe." Ni kuwa in kashe rediyon. Ban taɓa jin waƙar ta kai ƙarshe ba.

Da abin ya ishe ni na je gidan Cleophus. Ya tsufa, da sanda yake tafiya.

"Madam sarauniyar tafi," ya ce. "Ba ke kika rantse za ki soya faifan nan da man kaza ba?"

"Saka min, tsoho. Ko tarin Roscoe ne in ji."

Ya ɗora allura a kan faifan. Na zauna ina jin kunyata tana zagayawa. Da aka kusa ƙarshe na miƙe, don hannuna ya saba kashewa.

"Zauna, Earline."

Kiɗa ya tsaya cak. Sai tafi ɗaya tilo, nawa. Sai dariya ƙasa-ƙasa, da wata murya mai kauri: "Sannu da zuwa, 'yan mata."

"Roscoe yana bayan gilashi wurin masu ɗauka lokacin, shi ya sa ba ki ji ba," in ji Cleophus. "An so a yanke wurin. Ya ce in aka yanke, a nemi wani mai gitar."

Na goge hanci da bayan hannu. "Maido allurar baya."

Faifan yana gidana yanzu. Ina saka shi in ina wanke-wanke, in tafa da kumfa a hannu. Har yau ban taɓa yin daidai ba.