Ranar Jan Noelene

Mutane suna zaton da zarar an kwashe yara a ƙarshen Janairu, wanda shi ne watan zafi a ƙasar nan, mu ma'aikatan sansani sai mu miƙe ƙafa mu yi ta barci har wata shekara. Da ma haka ne. Ni ce mai girki a wannan sansanin hutun yara na bakin kogi a Gippsland, sunana Noelene, kuma na fi shan wahala a watannin sanyi fiye da lokacin da bakuna ɗari ke jiran abinci a hannuna.

Labarin da muka aika wa iyaye a watan Yuli, tsakiyar sanyinmu, ba shi da wani armashi. An sake rufin ɗakin cin abinci. Wani wombat, dabbar daji mai kama da ƙatuwar gafiya, ya haƙa rami a ƙarƙashin ɗakin kwanan 'yan mata har daɓe ya lotsa. Warwick, mai kula da wurin, ya cike ramin, dabbar ta dawo ta sake haƙawa, suka yi ta wannan rigima har Warwick ya haƙura ya ɗora ɗakin a kan sababbin ginshiƙai. An yi gayya, iyaye suka zo suka kwashe busasshen ganyen turare daga kan rufi saboda gobarar daji, suka liƙe kwalekwale biyu masu yoyo, suka cinye mini sosej da burodi tas. Abin da ba mu sa a labarin ba shi ne kafaɗar Glenys.

Glenys Pascoe ita ce mai tsaron bakin kogi, ƙawata ce kuma tun muna da baƙin gashi. Ta haura saba'in. Rabin iyayen da suka zo gayyar ita ta koya musu iyo, har yanzu in ta ɗaga murya sai ka ga ƙato mai gemu ya gyara tsayuwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Perth, ita kaɗai take a wani ɗan gida cikin gari. Rayuwarta makonnin nan na zafi ne a bakin ruwa, sauran watannin jira kawai take yi. A watan Afrilu aka yi mata aiki a kafaɗar dama, kuma duk wanda ya ga yadda take ɗaga butar shayi ya san hannun bai koma daidai ba.

Muna da doka a sansanin, ita da kanta ta kafa ta. Kafin a buɗe, duk wanda zai tsaya bakin kogi sai ya shiga tsakiyar ruwa da kayansa a jiki, ya jawo babban mutum zuwa tudu kafin ruwa ya kai su ga kututturen da ya faɗi a kwanar kogin. Wanda ya kasa, ba shi ba bakin kogi. Mutumin da ake jawowa kuwa shi ne wanda ya fi kowa nauyi a ma'aikata, kuma tun da na fara aiki ba wanda ya taɓa ƙwace mini wannan muƙami. Shi ya sa ake ce wa ranar Jan Noelene. Glenys takan ce duk wanda ya ja ni, ba yaron da zai gagare shi. Ba ta sassauta wa kowa. Akwai shekarar da wani saurayi mai ƙirji kamar ƙofa ya kasa, ya yi magiya har da hawaye, ta tura mini shi wankin tukwane.

Da Oktoba ta matso, Warwick ya shigo kicin yana sosa ƙeya. Ya ce kwamiti sun yarda a ɗauke mata gwajin bana saboda aikin da aka yi mata, amma ta ƙeƙasa ƙasa ta ce in an ɗauke mata to a ɗauke wa kowa, a rufe kogin. Ya ci biskit ɗina guda biyu kafin ya iya faɗin abin da ya kawo shi.

"Ruwan nan ai ba a ganin ƙasansa," in ji shi. "In kika ɗan taimaka da ƙafa, wa zai sani?"

Na wanke shi tas. Na ce ashe dabarar da ya kasa yi wa wombat ce yake so ya kawo wa mutane, ya fice mini daga kicin. Yana fita na zauna a kan buhun dankali, na san kuma zan yi abin da ya faɗa. Tsoro nake ji. Na san abin da gidan nan na cikin gari zai yi mata in ta rasa kogin.

Ranar gwajin an yi rana, amma ruwan ya ƙaru da ruwan saman da aka sha, ga sanyi kamar a cikin firij. Na sa rigar da ke hana nutsewa, na shiga ina zagin duk wanda ya ƙirƙiro wannan al'ada, mai ƙirƙirar tana tsaye tana dariya. Tamsin ce ta fara, yarinyar da Glenys ta raina a ruwa tun tana tsoron jiƙa fuska, yanzu ta gama jami'a. Ta ja ni kamar tana jan katifa, ta dire ni a tudu tun kututturen yana can nesa. Samari biyu suka biyo baya, ɗaya ya kusa shaƙe ni, amma sun wuce.

Sai Glenys. Ta shiga ruwan ba gaggawa, ta iso inda nake kwance rigingine, ta zuro hannun hagu ta riƙe haɓata. Hannun dama shi zai yi iyon. Ina jin numfashinta a kunnena, tun ba mu yi nisa ba ya fara sarƙewa. Na saki ƙafafuna can ƙasa na fara turawa a hankali, ina kallon sama kamar ba ni ba.

Ta tsaya cak a tsakiyar kogi.

"Noelene, daina."

Na ce ban san me take nufi ba, sanyi ne ke kaɗa mini ƙafa.

"Shekara nawa ina jan wannan jikin naki? Na san nauyinki fiye da sikeli. Yaron da ya suma ba ya tura ruwa. Ki kwanta mini kamar gawa, ko na bar ki a nan."

Na kwanta. Ban taɓa jin nauyin jikina ya dame ni ba sai ranar. Ta ja, ta sake ja, hannun yana fitowa rabi-rabi yana komawa. Ina ganin rassan bishiyoyi suna wucewa gefe maimakon baya, na san ruwa ne ke tafiya da mu. Ba ta sake ni ba ko da muka wuce kututturen. Tamsin ce ta faɗo da allon ceto ta fito da mu duka biyun can ƙasan kwana.

A tudu aka lulluɓe mu da barguna, kowa ya shiga neman dalili. Warwick ya ce ruwan bana ya wuce misali, a sake gwadawa mako mai zuwa. Samarin suka ce su ma da ƙyar suka sha. Tamsin tana kuka ta ce saura kaɗan ne fa, Anti Glen, wallahi saura kaɗan. Glenys ta bari suka gama, sannan ta tambayi Tamsin ko kogin ya yi mata alkawarin ba zai ƙaru ba a Janairu. Ta gaya wa Warwick ya sanar da iyaye cewa Tamsin ce mai bakin kogi daga bana. Ta juya ga yarinyar ta ce ta share fuskarta, kuma riƙon haɓar da ta yi mini ya yi ƙasa da yawa, ta gyara.

Haushinta nake ji, ina kuma jin kunyar kaina, ga kuma tausayinta, a haka muka hau gangaren. Sauran suka yi gaba. Ta tsaya ta huta, tana riƙe da kafaɗar da ɗayan hannun, ta tambaye ni ko ina da wurin mai feren dankali. Na ce ina da shi, amma ba na biyan mai surutu.

"To ki ajiye mini kujera," in ji ta. "Amma kar ki sa ni wajen tagar da ke kallon kogi."

Na ce mata to, duk da mu biyun mun san taga ɗaya ce a kicin ɗin.