Ranar da Ban Kira Azahar Ba

Ni Abarshi, ladanin Tudun Kanya, ban taɓa fashin kiran salla ba sai da haƙori ya kayar da ni. Haƙori fa! Guda ɗaya tal, na tauna, can ƙuryar ƙasa, wanda ya daɗe da ruɓewa ina ta lallaɓa shi.

Ƙauyenmu yana bayan Tabanni, a bakin daji. Tun da mutanen daji masu bindiga suka matsa mana aka riƙa watsewa gida-gida, har liman ya bi 'ya'yansa Kaduna, na zama ni ne ladan ni ne liman. Matata Ma'u ta rasu, 'yata tana aure a Zariya. 'Yan gidajen da suka rage sai suka yi dabara. Gonakinmu suna hayin rafi, waya ba ta kamawa a can, kuma ba mai yarda ya bar iyalinsa a gida, don haka da safe kowa da kowa ke tsallakawa, har mata da goyo. Ni kaɗai ake bari da lasifika. In an ji kiran azahar, gari lafiya, a dawo da yamma. In an ji shiru, to an shigo mana, kowa ya yanki daji ya nufi Birnin Gwari, kada ya waiwayo.

Haka nake wuni, daga ni sai kaji. Wallahi wani lokaci kaɗaici kan sa in yi wa akuya magana.

Da ciwon ya taso na danna kanumfari, bai ji ba. Jumare, maƙwabcina mai shawarar da ba a tambaye shi ba, ya ce in ɗiga ruwan batir. Na ɗiga. Allah ya isa tsakanina da wannan shawara! Dasashina ya saluɓe, kunci ya haye. Na koma gasa shi da tsumma mai zafi, kumburin ya ƙara samun wurin zama. Na ja rawani na rufe, don ba na son a ce ladan ya gaza.

Ran nan na kira asuba ta tsakanin haƙora, aka yi salla aka tsallaka rafi. Kafin hantsi baki ya kulle. Ko ɗan yatsa ba ya shiga, yawu ma sai na runtse ido nake haɗiye shi, ga zazzaɓi yana kaɗa ni.

Philemon ne ya same ni a gindin masallaci. Ɗan Gbagyi ne, Kirista, gidansu ne na ƙarshe ta yamma, ranar ya tsaya gyaran babur ɗinsa. Ya ɗaga rawanin ya duba, ya ja da baya.

"Baba Ladan, wannan ya wuce kanumfari. Taso mu tafi asibiti."

Na nuna masa lasifika. Na nuna rana. Sannan, Allah ya yafe mini, na tsaya ina kallonsa.

"A'a, Baba," ya ce, "kada ka kalle ni haka. Ka san ba zan iya kira maka ba. Hau kawai, kafin azahar mun dawo."

Na hau. Ban yarda da shi ba, amma numfashina ya fara yin wata irin ƙara da ta ba ni tsoro.

A asibitin Birnin Gwari aka kai ni wurin ma'aikaciyar haƙori, Bushira, yarinya sa'ar jikata. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta taɓa ƙarƙashin haɓata, na zabura.

"Baba, me ka zuba a nan?"

Philemon ya faɗa mata. Ta yi salati.

"Mugunya ce ta taru a gindin haƙorin, ta gangaro wuya. In ta kai maƙogwaro, numfashi za ta toshe maka. Tun ranar da kunci ya fara hawa ya kamata ka zo. Yanzu zan kira likita a tsaga a fitar da ita, a sa maka ruwa da allurai. Ba inda za ka."

Na yunƙura zan tashi. Ina so in ce mata, yarinya, gari guda ke jiran muryata, amma abin da ya fito gurnani ne da dalala. Ni da ake ji daga hayin rafi! Philemon ne ya yi mata bayani. Ta dube ni, fuskarta ta yi sanyi.

"To shi ya koma ya faɗa musu. Kai kam in ka hau babur ɗin nan, Baba, ban ce za ka isa ba."

Philemon ya fita da gudu. Daga baya na ji cewa a shingen jami'an tsaro aka tsayar da shi, an ce an ga motsi a gaba, ba a buɗe hanya ba sai bayan la'asar.

Ina kwance, allura a hannu, wuya a naɗe, masallatan gari suka ɗauki kiran azahar. Wannan ya ɗauka, wancan ya karɓa, wasu ma muryar ba daɗi. Na san a daidai lokacin mutanena sun ajiye fartanya sun kasa kunne. Na juya fuska bango na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Washegari da la'asar sai ga su. Jumare a gaba, ƙafafu duk taɓo, ƙaya ta yage masa riga, bayansa Hassana matarsa da sauran jama'a. Sun kwana suna ratsa daji da yara a kafaɗa. Jumare ya tsaya a kaina ya ƙare mini kallo.

"Malam, ashe haƙori ne?"

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, sauran suka taya shi, wasu suna dariyar suna share hawaye. Ba wanda ya rasa ransa, alhamdu lillahi. Na sami sauƙi a zuciyata, na jira in ji wani ya ce, to sai mu koma.

Ba wanda ya ce. Hassana ce ta yi magana, kuma ba ni take kallo ba.

"Malam, da muka sauka gidan yayata da asuba, yaran nan barci suka yi har rana ta take. Ba wanda ya firgita. Na manta rabon da in ga haka."

Jumare ya sunkuyar da kai. "Tunda Allah ya riga ya fito da mu, Malam..."

Kai! Da bakina na buɗuwa da asibitin nan ya ji ni. Wato dama kowa da ƙafarsa ɗaya a waje, ni ake jira in yi tuntuɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na dubi ƙafafun yaran, sai na rasa wanda zan yi fushin da shi.

Da kumburi ya saɓe, baki ya buɗu, Bushira ta cire haƙorin. Ta nuna mini shi a faranti, ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce in cije auduga, kada in yi ta tofar da yawu, daga gobe in riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, in shanye magani duka, in ɗan huta da ɗaga murya.

"Baba, ka zauna a gari mana. Wa za ka koma wa?"

Na tashi na naɗa rawanina.

Philemon ya mayar da ni. Shi ma ya kwashe iyalinsa, dawarsa kawai yake zuwa dubawa. Ya sauke ni a ƙofar masallaci ya wuce gona. Ƙofofi a buɗe, wani gidan ma shanya na kan igiya, kaji sun shiga har ɗakuna.

Rana ta karkata. Na yi alwala a hankali, na kunna lasifika na kira azahar. Muryar ta fito, har na ji ta dawo daga hayin rafi, bakina ya kawo ɗanɗanon jini. Na zauna na jira kamar yadda na saba, na ƙara jira. Sannan na tashi na tayar da iƙama, na matsa gaba wurin liman. Kafin in ɗaga hannu sai na ji bakina ya ce, "A daidaita sahu."