Na Bar Injin a Ribas

Ina tsugune a kicin ɗin matar likita, ina kwance ƙusar wata ƙofar kabad da ta karkace, sai na danna injin hannuna ya koma ribas. Ƙusar ta fara fitowa a hankali. Wallahi a nan gabana ya faɗi, har sai da na dafa ƙasa.

Babban injin zanen katako na shagonmu, wanda muke ce wa sifindil, shi ma a ribas na bar shi da safe.

Shagon na Yaya ne, ni na taso a hannunsa. Sifindil ɗin yana juyawa gaba, yana juyawa baya, don manyan wuƙaƙensa ana iya kifa su idan katako ya yi gardama. Abin da na yi da safe ke nan. Na gama, na cire wuƙar, matar likita tana ta damuna da waya kamar gidan zai rushe, na fice ban mayar da makunnin ribas ɗin gaba ba. Shi kuwa Yaya ya ce bayan azahar zai ɗaura ƙaramin haƙorin rauta, wato ɗan injin gyaran bakin katako, a sifindil ɗin, ya fitar da bakin wasu firam. Muna da mariƙin da ake ɗaura shi da shi. Amma haƙorin rauta hanya ɗaya ya sani. In aka juya shi baya ba ya yanka komai, sai dai ya ƙona katako, notin da ke riƙe da shi kuma ya riƙa kwance kansa har haƙorin ya yi tsalle. Kuma tsayin teburin injin daidai cikin mutum yake.

Na duba agogo, biyu da kwata. Na kira Yaya, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Dama in zai hau inji a aljihun rigar da ya rataye yake barin waya, kuma ni da kaina na sha yaba masa wannan hali. Na kira mai walda na kusa da mu, shi ma shiru, ɗan banza, kullum waya na manne a kunnensa sai yau. Matar likita ta leƙo tana tambayar ko na gama. Ban san abin da na ce mata ba, na dai bar mata ƙofar a ƙasa da kayan aikina a warwatse.

Yadda na tuƙa babur ɗin nan, Allah ne kawai ya tsare. Ina tafe ina lissafin halin Yaya, kuma lissafin ne ya fi tsorata ni. Ya san sifindil bai kai rauta gudu ba, don haka in haƙori ya ƙi ci ba zai yi mamaki ba. Zai ce ya dakushe, ya ƙara matsowa, ya ƙara dannawa da ƙarfi. Mutumin da bai taɓa yarda katako ya fi shi taurin kai ba. Na tuna 'ya'yansa biyar, na tuna matarsa da ke zuba mini abinci kafin ta zuba wa kanta, na ƙara wa babur wuta.

Tun daga bakin layi na jiyo kukan injin. Da na shiga, warin ƙonannen katako ya buge ni. Ga Yaya can ya ba ni baya, ya sunkuya, hannayensa biyu a kan firam, hayaƙi siriri na tashi ta gefen kafaɗarsa. Ƙarar ma ba irin ta kullum ba ce, akwai wani kaf-kaf a cikinta.

Na buɗe baki zan yi ihu, na fasa. Wanda ke kan inji ba a firgita shi, yana zabura hannu ya tafi. Na bi ta jikin bango a kan dusar katako, na kai ga babban makunnin shago na ja shi ƙasa. Injin ya ɗauki lokaci kafin ya yi tsit.

Yaya ya juyo ransa a ɓace, yana tambayar ko haukacewa na yi. Na nuna masa haƙorin kawai. Ya kai yatsu biyu ya taɓa, sai ga shi ya fito a hannunsa, ba sifana ba komai. Abin da ya rage a cikin mariƙin bai kai faɗin farce ba.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ja baya ya zauna a kan benci, ya rufe fuska da tafukansa. Ni kuma a lokacin wani tsoron ya kama ni, tsoron abin da zai ce mini. Makunnin ribas yana nan gefen gwiwata. Na sa hannu a ɓoye na mayar da shi gaba. Ban yi tunani ba, ko kuma na yi, oho.

Da ya ɗago, wurin da ya fara dubawa ke nan. Ya ga yana gaba. Sai ya girgiza kai ya ce ashe shi ne bai ɗaure notin ba, shekara talatin bai taɓa manta wannan ba. Ya ce idonsa ya fara ba shi matsala tun bara, bai dai faɗa wa kowa ba. Ya ciro makullin injin daga aljihu ya miƙo mini, ya ce daga yau ni zan riƙa hawa, shi zai koma kan awo da goge katako.

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa a gabansa.

"Yaya, ni ne. A ribas na bar shi da safe. Yanzu na mayar, kana rufe da fuska."

Ya kalli makunnin, ya kalle ni, ya yi ɗan murmushi irin wanda yake mini tun ina yaro.

"Allah ya yi maka albarka, auta," in ji shi. "Ka cece ni, ya isa. Ba sai ka yi ƙarya don ka rufa mini asiri ba."

Na rantse, na sake rantsewa, har da hawaye. Ya dafa kaina kawai, ya ajiye makullin a tafina, ya tashi ya ɗauko tsintsiya.