Soaz Ba Za Ta Sauka a Tsaye Ba

Sara na uku ne ya fizge hancin waliyyin da aka sassaƙa a ginshiƙin taga. Marjan na durƙushe a bene tana wanke gawar maƙwabciyarta Soaz, ta waiwaya ta ga mijin mamaciyar, Yffig, ya sake ɗaga gatari.

"Kai tsohon banza, matarka ko sanyi ba ta gama yi ba!"

"Yi wankanki, Marjan. Hanya nake mata."

Gidan na katako ne, ya girmi kakan kakan kowa a layin, benensa ya turo ciki bisa titi kamar mai wata tara. Matakalarsa a murɗe take kamar dodon koɗi, akwatin gawa ba ya bi. Duk wanda ya mutu a sama, a bayan ƙato ake ɗaure shi a sauko da shi a tsaye. Haka aka yi wa uwar Yffig, kanta na gwaruwa da bango hawa-hawa. Ya rantse wa Soaz a kwance za ta fita.

Taga ce kawai mafita, ita kuma ginshiƙi ya raba ta biyu, da waliyyi sassaƙe a jikinsa. Tun da hukuma ta sa gidan cikin kayan tarihi, ko ƙusa ba ka bugawa sai an zo daga birni an shinshina. Baƙi sun yi ta ɗaukar waliyyin hoto, ba wanda ya taɓa tambayar wace ce tsohuwar da ke leƙe a bayansa, wato Soaz, wadda ciwon ƙafa ya hana sauka.

Sai ga Gwenole, ɗan ƙanen Yffig, wanda ke aiki da masu kula da tsoffin gidaje, ya hauro yana haki.

"Kawu, ajiye gatarin nan! Ginshiƙin ne ke riƙe da rufin!"

"A cinyarta ka koyi cin fanke, ɗan butulu. Yau ice ya fi ta?"

"Zan goya ta da kaina, a hankali..."

Ƙotar gatarin ta same shi a baki. Haƙori ya yi tsalle ya faɗa kwanon wankan. Gwenole ya tofar da jini ya rungumo ƙugun tsohon, suka zube, suka kifar da ruwan, Yffig da yake tsohon masunci ne, ya kafa masa gwiwa a maƙogwaro har idon yaron ya firfito. Marjan ta zabga musu jiƙaƙƙen tawul.

"A gaban gawa! Karnuka ma sun fi ku kunya!"

Yffig ya miƙe, ya tofa yawu a tafi, ya kai sara ɗaya da duk abin da ya rage masa. Ginshiƙin ya yi kuka ya tafi titi, waliyyi da komai. Gungumen rufin da ke kansa ya biyo baya, ya sauka a ƙirjin tsohon. Marjan ta ji ƙarar haƙarƙari kamar an taka kwandon ƙaguwa.

Ita da Gwenole suka kama gungumen, ko motsi bai yi ba. Jini na fitowa ta hancin Yffig.

"Tagar ta buɗe?" in ji shi.

"Ta buɗe, ko saniya ta wuce."

"A kwance fa, Marjan."

"Na ji. Yi shiru haka nan, ka cika surutu."

Ya kuwa yi, har abada.

Ranar jana'iza masunta suka zo da igiyoyin jirgi. Akwati biyu aka zuro ta tagar, a kwance sambal, na Soaz a gaba. Gwenole ne ya riƙe igiyar wajen kai, bakinsa a kumbure, bai bari akwatin ya taɓa bango ba.

Mutanen birni sun zo sun tsince waliyyin gutsure-gutsure sun naɗe a auduga. Sun bi gida-gida neman hancin. Marjan ta ce ita tsohuwa ce, ba ta gani sosai.

Da yamma ta zauna cin abinci. Teburinta da ya shekara yana ɗingishi ya tsaya cak, ɗan guntun ice mai kama da hanci a ƙarƙashin ƙafarsa. Tsallaken titi, iska na kaɗa tamfol ɗin da aka rufe tagar da shi.